Yayen Sati Shida

Dubai, 8 ga Yuli

Zuwa ga Kawuna, Malam Idris Hedimasta, Bichi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa da girmamawa a gare ka da Inna Sabuwa, da fatan damina ta sauka lafiya, kuma ƙafar nan taka ta bar ka kana zuwa masallaci ba sanda. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Zafin bana, Kawu, ko ruwan famfo sai an tara a bokiti ya huce kafin a yi alwala. Surukinku Musbahu na gaishe ku. Yana can shagon kayan gyaran mota a Ras Al Khor, ya fita tsaf ya dawo kamar an tsamo shi daga baƙin mai. Ni kuma ina nan masana'antar dabino, muna ƙunsawa muna liƙa takarda. Na ba Fatouma 'yar Maraɗi kwali biyu tare da wannan wasiƙa, za ta ajiye muku in ta biyo za ta Kano. Mai laushin na Inna ne, kada ka ce haƙoranka sun fi nata buƙata.

Tunda ka kafa doka cewa waya ta gaisuwa ce, magana kuwa sai a takarda, to ga magana. Yau wata tara cif da aka rufe wa 'yan ƙasarmu biza a nan. Ka tuna yadda muka yi. Na zo hutu, na kawo muku mutuniyar Inna yaye, aka ce Inna ta riƙe ta sati shida ta manta nono, sannan su taho tare, Inna ta ga Dubai da idonta. Sati uku da dawowata bakin aiki aka rufe ƙofa. Fasfon Inna har yau ko tambari ɗaya babu a ciki. Ni kuma iƙamata, wato takardar izinin zama, ta ƙare, takarduna suna hannun kamfani ana jiran a sabunta, an ce in na fita ƙasar nan ba dawowa. Mu ba ma zuwa, ku ba kwa zuwa.

To ina shugaban ƙasar naka? Wanda ka sa na riƙa kiran ƙawayena ɗaya bayan ɗaya ina cewa su zaɓe shi? Wallahi Kawu raina a ɓace yake. Mutum yana da dubban jama'a a ƙasar wani, an hana su aiki, an raba su da iyalinsu, amma ya kasa tsayawa tsayin daka ya ce wa takwaransa, ɗan'uwa, me muka yi muku, yaya za a gyara? Sai dai mu ji an tura tawaga. Tawaga ta zo, aka sauke su a otal, suka ɗauki hoto a gaban dogon benen nan, suka cika akwatuna da turare suka koma. Wata da muke aiki tare ta gan su a kanti suna gwada takalma.

Ka tuna shekarar da maƙwabta suka toshe mana magudanar ruwa? Inna ba ta tura tawaga ba. Mayafinta ta ɗauka, ta je ta zauna a tsakar gidansu, ta ce ba ta tashi sai an fasa. Kafin la'asar mai gidan da kansa ya ɗauko diga. Abin da muke nema ke nan, wanda zai je ya zauna, ya buɗe baki ya ce: mutanena ne, ina son abina.

A gaida mutanen gida duka, manya da ƙanana. Akwai 'yan riguna biyu a ƙasan kwalin, na gan su ne a hanya na saya, ko akwai wadda za su yi wa.

'Yarka,
Mahfuza

Bichi, 24 ga Yuli

Zuwa ga 'yata Mahfuza.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso ranar Laraba tare da dabino, mun gode, Allah ya yi albarka. Ƙafa da sauƙi, sandar dai ina riƙe ta ne don kwarjini. Gero ya kai gwiwa. Innarki lafiya ƙalau, tana gaishe ki da mai gidanki.

Na karanta wasiƙar sau biyu. Hannunki ya lalace, amma bakin yana nan yadda na san shi tun kina aji huɗu. Mahfuza, mulkin ƙasa ba rikicin magudana ba ne. Ke takalman da aka gwada kike gani, ba kya jin abin da ake faɗa a ɗaki bayan an rufe ƙofa. Babban mutum ba ya zuwa gidan wani ya baje a tsakar gida yana ɗaga murya. Akwai kawaici, akwai bin abu a sannu. Shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da makaranta, ban taɓa samun ko alli daga sakataren ilimi ta hanyar hayaniya ba. Sai in je in gaishe shi, in tambayi iyali, in tashi ban ce komai ba. Ya san abin da ya kawo ni.

Kuma mutumin nan bai daɗe da hawa ba, ki bari ya gyara zama tukuna. Ni na ba shi zuwa kaka, ki rubuta ki ajiye.

Ke ma ai kawaicin kike yi, kuma na yaba. Shafi uku kika cika, ba ki ambaci sunan 'yar fari ko sau ɗaya ba. Da na karanta wa Innarki sai ta ce, "To, tarbiyya ba ta tafi a banza ba, Dubai ba ta cinye mata kunya ba." Tunda ke ba za ki tambaya ba, ni zan faɗa. Bilkisu, wadda nake kira Hajiya Ƙarama, tana nan ta yi ɓul-ɓul. Rigunan sun ɗame ta, da idon bara kika auna. Tana bin Innarki duk inda ta sa ƙafa, ko banɗaki ta shiga sai ta tsaya a bakin ƙofa tana jira. Ta iya cewa, "Malam, tashi," in ta ga na hau tabarmar Inna, kuma ina tashi.

Ki kwantar da hankalinki, ki riƙe aikinki, ki rage sauraron masu zagin gwamnati a waya. Ki gaida Musbahu.

Kawunki,
Idris

Dubai, 19 ga Satumba

Kawu, assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna, da fatan an fara cin tumu lafiya. Mu ma lafiya, Musbahu ne ya yi mura ya warke.

Ban san ranar da wannan takarda za ta same ka ba. Fatouma tana Maraɗi tun watan jiya, hanyar Jibiya a rufe, sai na roƙi wani Bakano ya cusa ta cikin kayansa na kargo. Ka ga abin mamaki? Mutumin da ya kasa ce wa Larabawa uffan, da rikicin Nijar ya tashi cikin sati guda ya samu murya. Aka rufe iyaka, aka yanke musu wuta, har ana maganar yaƙi. Da wa? Da su Fatouma, da muke cin tuwo kwano ɗaya. Ashe bakin yana nan, zaɓar wanda za a buɗe wa ake yi.

Batun sakataren ilimi kuma, Kawu, kada ka manta a makarantarka na yi. Ina aji uku iska ta ɗauke rufin ajinmu, kana ta zuwa kana gaishe shi kana tambayar iyali. A gindin darbejiya na gama aji shida.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar Litinin ta makon jiya aka yi shela daga gida cewa an daidaita, an buɗe biza nan take. Kawu, guɗa na yi a cikin masana'anta, har 'yan Filifin suka taso suna tambaya ko lafiya. Washegari na nemi izinin rabin yini, na ɗauki hoton fasfon Inna da ɗayan, na hau bas biyu zuwa ofishin da ake cike takardun biza. Na tarar da layi har bakin titi, duk namu ne, kowa na washe baki. Da na kai gaban tebur, ɗan Indiyan ya danna kwamfuta, ya juyo mini da ita na gani da idona. Ya ce, "Najeriya bulok, sista. Khalas," wato a toshe take, magana ta ƙare. Na ce ai daga gida aka sanar, a rediyo. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Yalla, ki je rediyon ya ba ki. Na gaba."

A ce ƙasa guda, a je a zauna da masu gida, a sha gahawa, a fito ba a san ko e aka ce ko a'a ba? Ina 'yar shekara bakwai in Inna ta aike ni aron turmi, na san bambancin "ɗauki" da "za mu duba."

Ban gama haɗiye wannan ba, sai ga saƙon murya yana yawo a wayoyin Kanawan Dubai. Na kunna. Muryar wa zan ji? "Ni Malam Idris Hedimasta, a madadin dattawan unguwarmu." Minti bakwai, Kawu! Kana zuba godiya a gidan rediyo, kana cewa 'yarka da ke Dubai ta kira ka tana kukan murna. Yaushe na kira? Yanzu in na shiga kantin 'yan gida sai in ji ana cewa, "Ga 'yar mai godiya." Musbahu ya ce abokan aikinsa sun haddace jawabin, suna karanta masa duk ranar da ya makara.

Ina jiran bayani. A gaida kowa da kowa. In sanyi ya shigo a riƙa sa wa masu ƙananan ƙirji riga biyu, ka san akwai tari a danginmu.

'Yarka da ba ta yi kukan murna ba,
Mahfuza

Bichi, 3 ga Nuwamba

'Yata Mahfuza, amincin Allah ya tabbata a gare ki. Muna lafiya, an yi girbi, wake ne kawai bai yi kyau ba. Takardarki ta yi kwana arba'in a hanya, ta iso tana warin tayar mota. Duk kwanakin nan da kike gaishe ni a waya a daƙile, ashe ga abin da ke tafe.

Ba zan yi musu ba, muryata ce. Shugaban jam'iyya na mazaɓarmu ya zo har gida ya ce a haɗa tawagar godiya, kuma tunda ni ne mai 'ya a can, ni ya kamata in yi magana. Aka ɗinka mana huluna iri ɗaya, mu goma sha biyu. Kin san yadda muka taso, in babba ya ce ya yi maka abu, godiya kake fara yi, ba ka ce ya nuna maka ba. Batun kukan murna kuwa na ƙara gishiri, na amsa laifina.

Amma rabin labarin kika sani. Washegarin jawabin na sa Innarki ta shirya. Aka yi wa Hajiya Ƙarama kitso da lalle, aka daka yaji, aka ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Maƙwabta suka shigo sallama, har da masu ba da saƙo. Na ɗauki shatar mota zuwa Kano, ofishin masu yankan tikiti, ina cewa a buga biza yau su tashi jibi. Matar da ke wurin ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Baba, kai ne na goma sha tara yau." Muka juyo da yajinmu. Da muka shigo unguwa na sa direba ya bi ta bayan gida.

Na ji kunya, Mahfuza, irin wadda ban taɓa ji ba. Kwana uku ban leƙa majalisa ba. Duk da haka ina ganin ba laifinsa ba ne shi kaɗai, wataƙila na kusa da shi ne suka yi gaggawar magana. Batun Nijar kam ba ni da amsa. Ƙanwar kakarki a Tasawa aka binne ta.

Innarki dai ba ta ɗauki abin da zafi ba. A hanyar dawowa har rake ta saya, suna sha ita da yarinyar suna waƙa, ni ina gaba ina huci. Ta ce Allah bai yi ba tukuna. Kin ga ta fi mu haƙuri, ni da ke duka.

Kawunki,
Idris

Dubai, 16 ga Fabrairu

Kawu, sallama da gaisuwa, kai da Inna. Da fatan sanyi bai tayar maka da ƙafar ba. Muna lafiya.

Na daɗe ban rubuto ba, don ba abin da ya canja sai kalanda. Kaka ta wuce, na rubuta na ajiye kamar yadda ka ce. Kowane wata sai wani babba ya fito ya ce an kusa. Wannan ya ce saura ƙiris, wancan ya ce sa hannu kawai ya rage. Da tun farko an fito an ce mana, jama'a, abin nan ya fi ƙarfinmu, zai kai shekara biyu, wallahi da na ajiye aikin na tattara na dawo gida. Amma aka riƙe mu da "an kusa," wata bayan wata, ka kasa tafiya ka kasa zama. Rashin iyawa zan iya yafewa. Wannan kam ba zan yafe ba.

Kamfani ya kai mu wani wuri da ake kira Hatta ranar Asabar, wai mu sha iska. Dam ne a tsakanin duwatsu, kowa ya zo da 'ya'yansa ana hawa ƙananan jirage. Musbahu ya samu dutse ya zauna har muka taso. Ni kuma na riƙe wa wata 'yar Sudan jaririnta har hannuna ya sage. Ta ce in kawo, na ce ta bar shi.

Na ji ma an raɗa mini sabon suna a gidanku. Ranar Juma'a da Inna ta juyo da wayar, sai na ji an ce, "Inna, ga Antin Dabino," aka ruga waje. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. In kun sake zuwa godiya, ka ce wa shugabanka ya ƙara wannan a cikin ayyukansa.

Mahfuza

Bichi, 19 ga Yuli

'Yata Mahfuza, assalamu alaikum. Lafiya lau muke, shuka ta fito, Fatouma ma ta dawo hanya har ta yi ƙiba. Ban amsa ta Fabrairu ba don na yi alkawari ba zan sake rubuto miki ba sai da labari mai daɗi. To ga shi.

Wannan karon ban je gidan rediyo ba. Kano na je da ƙafata, matar nan ta ofishin tikiti ta juyo mini da kwamfuta na gani. An buɗe, Mahfuza. Musbahu ma ya faɗa mini a waya cewa an kira ki batun iƙama. To wa ya yi gaskiya? Na ce a bi a sannu. An ɗauki lokaci, na yarda. Na ce kaka, ban dai faɗi wace kakar ba.

Sai magana ta biyu. Mun zauna da Innarki a kan Hajiya Ƙarama. Yarinyar nan ta kusa shekara biyu a hannunta, ba ta san kowa ba sai ita. An sa ta Islamiyya tun bayan Sallah, ta iya Fatiha, tana da ƙawaye. Kuma 'yar fari dama ta kakanni ce. Ke ma ai haka aka ba mu ke, daga yaye, kuma ba ki taɓe ba. Innarki ta ce a duk wasiƙunki ba inda kika ce a kawo ta, ta ɗauka kin bar mata ke nan, irin na 'ya'yan kirki da ba sai sun faɗa ba. Na duba, ni ma ban ga inda kika faɗa ba.

Saboda haka muka yanke Bilkisu ta zauna. Ku kuma yanzu hanya ta buɗe, ku riƙa zuwa hutu kuna ganinta, Allah ya ba ku wasu masu albarka. Fasfon Innarki ta ce a ajiye, ko Allah zai kira ta Umara.

Kawunki,
Idris

Dubai, 28 ga Yuli

Kawu, ina gaishe ka. Yau gaisuwar gajeriya ce, ka yi haƙuri.

A tsaye na karanta takardarka, a bakin masana'anta inda Fatouma ta miƙo mini. Na sake karantawa, na zauna a kan kwalin dabino, har aka kaɗa ƙararrawar komawa aiki ban ji ba.

Da farko haushinka na ji, sannan na Inna. Daga baya na zauna ina tuno abin da na yi ta rubuto maka. Shekara guda ina caccakar mutum don ya kasa buɗe baki ya ce mutanena ne, ina son abina. Ni fa? Na aiko da riguna na ce a hanya na gan su. Na ce a sa wa masu tari riga biyu. Na gaishe ku, na tambayi iyali, na tashi ban ce komai ba, wai kun san abin da ya kawo ni. Ashe ɗalibarka ce ni ta gaske.

To yau na ajiye kunya. In rashin tarbiyya ne a ɗora a kaina, ba a kan Inna ba. Sunanta Bilkisu. 'Yata ce, ni na haife ta. Ban bayar da ita ba. Yaye na kawo, na sati shida. Ina kewarta kullum, tun ranar da na fito daga gidan nan tana barci a bayan Inna, na kasa waiwayawa don kada a ce na duba. Rigar da aka cire mata ran nan tana cikin jakar da nake zuwa aiki da ita. Ina so a kawo mini Bilkisu.

Ka ce ni ma haka aka ba ku ni. Gaskiya ne, kuma ban taɓa rasa komai a hannun Inna ba, ita ce uwata duniya da lahira. Amma Kawu, yayarka da ta haife ni ta rasu ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na je gidanta sai ta kau da kai ta ce, a ba yarinyar nan abinci. Har yau ban sani ba ko ta so a mayar mata da ni. Ba na so Bilkisu ta girma da wannan tambayar.

Roƙona ɗaya. Na san kana tsallake layi in kana karanta wa Inna, don ta taɓa tambayata a waya me ya sa wasiƙuna ba su da tsawo. Wannan ka karanta mata duka, kada ka gyara ko kalma. In ta ce a'a, zan ajiye aikin, in zo in ɗauki mayafina in zauna a tsakar gidanta. Ita ta koya mini.

'Yarku,
Mahfuza, uwar Bilkisu

Bichi, 11 ga Agusta

'Yata Mahfuza, Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya. Ruwa ya yi yawa bana, katangar baya ta zube, ba wanda ya ji ciwo.

Takardarki ta kwana huɗu a aljihuna. Sau biyu ina zama zan karanta, sai in tambayi Innarki ko an ba akuya ruwa, in tashi. Gaskiyarki ne, ina tsallake layi. Tun rigunan farko na gane abin da kike nufi, ai ni na koya miki rubutu. Amma ina ganin yadda matar nan take da yarinyar, ita da Allah bai ba haihuwa ba, sai na ce bari a ga yadda biza za ta yi, wataƙila abin ya warware kansa. Na faɗa miki abin da zai kwantar da ke, na faɗa mata abin da zai kwantar da ita. Batun shugaba kuma kada ki sake tambayata, na gaji da kare shi. Hular ma na ba mai gadin makaranta.

Ranar Alhamis bayan la'asar na karanta mata, tun daga sallama har sa hannu. Tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba har na gama. Sai ta ce in sake karanta wurin sunan. Na sake. Ta ce, "Da ta faɗi haka tun watan farko, da ban bar zuciyata ta kama har haka ba." Ta yi kuka, ni kuma na fita duba katanga. Da na dawo na tarar da fasfonta a kan tabarmata.

Jiya muka kai takardu Kano. Ita za ta kawo ta da kanta, ta ce ba ta ba kowa. Sati biyu za ta yi ta dawo, kada ku roƙe ta ta ƙara. Sauran kuma ta sa ni in rubuta yadda ta faɗa. Tana tsaye a kaina yanzu haka, ta ce in na tsallake layi za ta sani.

"Mahfuza, ba ta cin tuwo da zafi, sai an gutsura mata ƙanana an jera a gefen kwano. Tana tsoron kyanwa, amma ba ta so a faɗa. In za ta yi barci sai ta riƙe kunnen mutum, kada ki ture hannun. In ta ce miki Antin Dabino kada ki nuna kin ji, kada kuma ki sa ta ce Umma, za ta faɗa da kanta. Ranar da na taho za ta neme ni, za ta je ta tsaya a bakin ƙofa. Kada ki ce mata na kusa dawowa. Ki gaya mata gaskiya, ki kira sunanta, ki ɗauke ta."

Iyakar abin da ta ce ke nan, ban rage komai ba. Wassalam.

Kawunki,
Idris